Kura da Shan Bugu: Matan Reni da Dajin da Suka Ceta

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a tarurrukan ƙara wa juna sani a kan muhalli: matan ƙauye a tsaunukan Indiya sun kewaye gindin itace da hannuwansu, sun haɗa ƙirji da ɓawonsa. A ƙarƙashinsa akan rubuta kalma guda, Cipko, wato mannewa ko runguma a harshen Hindi. Daga nan sai mai jawabi ya ɗora darasinsa, ya ce ga talakawa da suka ƙaunaci itace har suka yarda gatari ya sauka a bayansu, saboda haka malamai su koma azuzuwansu su cusa wa yara son itace. A tafa, a yi addu'a, a karɓi kuɗin zama, kowa ya kama gabansa.

Wannan rabin labari ne, kuma rabin da aka yanke shi ne mai amfani. An mai da gwagwarmayar neman haƙƙi tatsuniyar soyayya, domin tatsuniyar soyayya ba ta tambayar kowa takardar izinin da ya sa wa hannu. Wanda ya bi tarihin abin daga tushe zai tarar mutanen da suka fara Cipko itace suka nema su sare aka hana su.

Yankin da abin ya faru, Garhwal da maƙwabcinsa Kumaon, yana cikin tsaunukan Himalaya, inda kogin Ganga yake tasowa. Dazuzzukansa tsofaffi ne, masu itatuwan da suka shekara ɗaruruwa a tsaye. Turawan Ingila sun kafa dokar daji a 1878, suka keɓe mafi kyawun dazuzzuka suka ce na gwamnati ne. Bukatarsu ta lokacin a fili take: katakon shimfiɗar layin dogo daga itacen da ake kira deodar, da ƙaro daga wani itace mai ganye kamar allura da ake kira cir. Shi kuwa banj, itacen da manomi yake yankan ganyensa ya ba shanu, yake kwasar ruɓaɓɓen ganyensa ya kai gona, wanda saiwarsa take riƙe ruwa har idanun ruwa su kai rani ba su ƙafe ba, ba ya kawo wa baitulmali ko sisi, saboda haka ma'aikatan daji ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Ashe tun daga farko daji biyu ne a wuri guda, wanda ake ƙirgawa a littafin ofis da wanda ake rayuwa da shi. Mutanen tsauni ba su karɓi wannan da sauƙi ba. A 1921 an cinna wa dazuzzukan gwamnati wuta a Kumaon. Ranar 30 ga Mayu 1930, a Tilari, bakin kogin Yamuna, sojojin sarkin Tehri suka buɗe wuta a kan manoman da suka taru don koken dokokin daji. Masanin tarihi Ramachandra Guha, a littafin da ya fitar a 1989, ya nuna cewa Cipko ɗiya ce ga wannan doguwar turjiya ta manoma.

Indiya ta sami ƴanci a 1947, ta gaji ofishin da dokarsa da ɗabi'arsa. Bayan yaƙin da ta yi da Sin a 1962, sai aka hau fasa hanyoyin mota zuwa iyaka saboda soja, kuma hanyar da ta kai soja ita ce ta kai ɗan kwangila. Ana yin gwanjon daji a gari, mai kuɗi daga filayen ƙasa ya saye, ya kawo leburorinsa daga nesa, ya sare, ya loda, ya sauka. Ɗan tsauni ko aikin lebura bai cika samu ba. A Yulin 1970 kogin Alaknanda ya yi wata irin ambaliya da ta share ƙauyen Belakuchi, ta tafi da gadoji da motoci da fasinjojinsu. Waɗanda suka hau tsaunuka don aikin agaji sun lura da abu guda: inda aka aske gangare, nan ƙasa ta fi zaftarewa.

Cikin masu aikin agajin akwai Chandi Prasad Bhatt, tsohon mai yankan tikiti a wani kamfanin motoci, mabiyin tafarkin Gandhi, wanda ya kafa ƙungiyar gama kai a garin Gopeshwar a 1964 don sama wa matasa aiki a gida. Ƙungiyar tana da ƙaramar masana'antar tace ƙaro da wurin sassaƙa kayan noma. A farkon 1973 ta nemi a ba ta ƴan itatuwa kaɗan na wani iri da mutanen wurin suke kira angu, mai ƙwari da rashin nauyi, wanda ake sassaƙa karkiyar shanun noma da shi. Ofishin daji ya ce babu. Ba a jima ba sai aka ji ofishin nan ya ba kamfanin Symonds na birnin Allahabad irin waɗannan itatuwa, a dajin Mandal da ke kusa, don ya yi sandunan wasan tanis. Manomi ya nemi karkiya an hana shi, an ba mai wasa. A Afrilun 1973, da masu saran kamfanin suka iso Mandal, sai suka tarar da mutanen ƙauye da gangunansu, suna cewa duk itacen da aka ɗaga wa gatari za su manne masa. Masu saran suka juya. Daga bisani aka soke izinin kamfanin a wurin, aka ba ƙungiyar itatuwan da ta nema. Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan: nasarar farko ta wannan gwagwarmaya da ake kira ta masu rungumar itace ta ƙare ne da sassaƙa karkiya. Babu mai jawabin da yake faɗin haka, domin zai ɓata masa hoto.

Abin da ya kai sunan Cipko duniya ya faru ne shekara guda bayan haka a Reni, wani ɗan ƙauye kusa da iyakar Tibet, a mahaɗar kogunan Rishiganga da Dhauliganga. Mutanensa ƴan ƙabilar Bhotiya ne, makiyayan tumaki da masaƙa, waɗanda rufe iyaka bayan 1962 ya riga ya kashe musu fataucin da suka gada. A Janairun 1974 aka yi gwanjon itatuwa kusan 2,500 a dajin da ke saman ƙauyen. Bhatt da wani ɗan gurguzu na yankin, Govind Singh Rawat, suka yi ta yawon faɗakarwa, har kowa ya san za a yi turjiya. Sai hukuma ta ɓullo da dabara. Shekaru da dama mazan yankin suna jiran diyyar gonakin da soja ya karɓe. Kwatsam aka yi shela cewa za a biya ta a garin Chamoli, mai nisa, a daidai ranar da aka shirya leburori za su shiga daji. Maza suka ɗunguma suka tafi. Ranar 26 ga Maris 1974 wata yarinya ta hango baƙi da gatura suna hawa, ta sheƙa ta gaya wa Gaura Devi, shugabar ƙungiyar matan ƙauyen, mace mai kusan shekara hamsin, wadda mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Ta tara mata da ƴan mata 27 suka bi sawunsu. Sun iske wasu daga cikin mutanen ɗan kwangila sun sha sun bugu. An zage su, an nuna wa Gaura Devi bindiga. Ta tsaya a gaban bindigar, ta ce musu wannan daji gidan iyayensu ne, daga gare shi suke samun magani da ganyen miya da makamashi, in an sare shi tsauni zai rufto wa gidajensu. Suka kora leburorin gangare, suka karya ɗan dakalin simintin da ake tsallake wani mugun wuri da shi a kan hanyar dajin, suka kwana suna gadi. Da maza suka dawo, ƙauyukan kewaye suka taru, bayan kwanaki ɗan kwangila ya tattara ya tafi. Kwamitin binciken da gwamnatin Uttar Pradesh ta naɗa ya ba matan gaskiya, aka hana saran kasuwanci na shekara goma a fili mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000.

A duba abin da matar nan ta lissafa: magani, ganyen miya, makamashi, gida. Kowanne daga cikinsu amfani ne, kowanne yana bukatar a shiga daji a ɗebo. Ba ta ce a kulle shi ba.

Daga Reni abin ya bazu. A dajin Advani, a Tehri, tsakanin ƙarshen 1977 da farkon 1978, mata sun ɗaura wa itatuwa zaren da ƴar'uwa take ɗaura wa ɗan'uwanta a hannu, kuma a can an rungumi itatuwa da gaske, a gaban ƴan sanda masu makamai. Amma da motsin ya girma sai ya rabu gida biyu. Bhatt ya tsaya a kan cewa a kori ɗan kwangilar waje, a ba ƙananan masana'antun ƙauye itace gwargwado, a bar mutane su kula da dajinsu. Sunderlal Bahuguna, mai farin gemu da baiwar magana, wanda ya yi tattakin kusan kilomita 5,000 a tsaunuka daga 1981 zuwa 1983, ya nemi a hana saran ɗanyen itace baki ɗaya. Muryarsa ce ta kai Delhi, ita ce kuma ta kai Turai. Bayan ganawarsa da faraminista Indira Gandhi, a farkon shekarun 1980, aka hana saran ɗanyen itace na shekara 15 a duk inda ya wuce mita 1,000 a tsaunukan jahar. A 1980 kuma aka kafa dokar da ta ce ba a mai da ko taki ɗaya na ƙasar daji zuwa wani amfani sai da yardar gwamnatin tarayya. Lambobin yabo suka biyo baya: Bhatt ya sami ta Magsaysay a 1982, Cipko ta sami ta Right Livelihood a 1987.

Adalci ne a faɗa cewa hanin ya yi aiki. Akwai tsofaffin dazuzzuka a Garhwal da suke tsaye yau saboda shi, kuma duk wanda ya san yadda ƙasar tsauni take zubewa ba zai raina wannan ba. Sai dai tambayar da ba a so a yi ita ce, a hannun wa dajin ya koma? Ɗan kwangila ya fita, kamfanin daji na gwamnati ya shiga. Ƙananan masana'antun da aka fara faɗan dominsu suka rasa abin sarrafawa. Ƙauyen da yake son bututun ruwa, ko hanya, ko ɗakin makaranta, in aikin ya taɓa ƙasar daji, sai takardarsa ta tafi Delhi ta shekara tana jira. Fushi ya kai ga a ƙarshen shekarun 1980 wasu ƴan yankin suka tayar da wani motsi na saran itace da gangan, don a buɗe musu ayyukan da aka toshe, a ƙasar da aka haifi Cipko. Masaniyar labarin ƙasa Haripriya Rangan, a littafinta na 2000, ta bayyana yadda tatsuniyar da duniya ta ƙaga a kan Cipko ta dawo ta danne bukatun mutanen da suka yi ta. Wannan fushi na cikin abin da ya hura wutar neman jaha ta daban, wadda aka samu a shekarar 2000, wato Uttarakhand.

Abin da ya sami Reni kanta ya fi wannan ciwo. Ƙauyen yana bakin ƙofar tsaunin Nanda Devi, mai tsawon mita 7,816. A shekarun 1970 tawagogin masu hawan tsauni, akasarinsu daga ƙasashen waje, suka yi ta kwarara, suna ƙone itatuwan wurin don ɗumi da girki, suna barin shara. Maganin da aka yi a 1982 shi ne mai da wurin gandun daji na ƙasa, a rufe shi ga kowa. Baƙon da ya ɓata wurin ya koma wani tsauni. Ɗan Reni da ɗan Lata, ƙauyen da aka haifi Gaura Devi, suka rasa makiyayar da tumakinsu suke hawa da bazara, suka rasa wurin tonon saiwoyin magani, suka rasa ko dakon kayan baƙin. Garkuna suka ragu, saƙar ulu ta bi su. A 1988 UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya. Shekara takwas kacal tsakanin daren da matan nan suka kwana suna gadin daji da ranar da mai gadin gwamnati ya tsaya ya ce musu ba shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gaura Devi ta rasu a 1991, a ƙauyenta, ba ta ga an mai da musu komai ba. A 1998 mutanen Lata da Reni da ƙauyukan kewaye suka ɗunguma da dabbobinsu suka kutsa cikin gandun da ƙarfi, a wani motsi da suka ba suna mai ma'anar a fizge a ƙwace. Wannan tattaki ba ya cikin hotunan da ake haskawa a tarurruka.

Masu kare tsarin kullewa suna da hujja, kuma ba a kyauta ba in an yi kamar ba su da ita. Suna cewa talaka mayunwaci ne, in aka sakar masa daji zai sayar wa ɗan kwangilar farko da ya zo da jakar kuɗi. Suna cewa kalmar al'umma lulluɓi ce, a ƙarƙashinta akwai maigari da ƴan barandansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma tarihin Cipko kansa ya shaida. A ƙauyen Dungri-Paitoli, wajen 1980, mazan gari sun amince a sare dajin banj a kafa gonar dankali ta gwamnati, bisa alkawarin hanya da aikin yi. Matan da za su ƙara tafiyar sa'o'i don neman makamashi da harawa su ne suka ƙi, suka sha zagi da barazana daga mazajensu. To amma me wannan yake nunawa? Wanda ya ceci dajin a ranar yana cikin ƙauyen, shi ne mai ɗaukar dami a ka. Maganin maigari mai sayar da daji shi ne a zaunar da mai ɗaukar damin a inda ake yanke shawara. Shi kuwa ofishin da ake cewa a damƙa wa amanar, ai shi ne ya yi gwanjon Mandal, shi ne ya yi gwanjon Reni. Ba ɓarayi ne suka shiga dazuzzukan nan da dare ba; da takarda mai hatimi aka shiga, da rana tsaka. A ce za a tsare daji daga talaka ta hanyar miƙa shi ga wanda ya saba sayar da shi, wannan ba kura ajiyar nama ne.

Indiya ma ta zo ta amsa laifinta, a makare. Dokar haƙƙin mazauna daji ta 2006 ta ambaci zaluncin tarihi da aka yi musu, ta ba taron ƙauye ikon mallaka da kula da dajinsa. Ƙauyen Mendha Lekha, a jahar Maharashtra, ya karɓi takardarsa a 2009, a 2011 ya fara sayar da gorarsa da kansa, dajinsa kuma yana nan. A Uttarakhand, mahaifar Cipko, aiwatar da wannan doka ya yi ta jan ƙafa.

Manomin Maraɗi ko na Damagaram ba ya bukatar tafinta don ya gane wannan labari, ko da bai taɓa ganin ƙanƙarar tsauni ba, domin an gwada masa irinsa. Dokar daji ta Faransa ta 4 ga Yuli 1935 ta ɗauki duk ƙasar da ta kira marar mai ita ta ba gwamnati, ta yanki dazuzzuka ta keɓe. Dokar Nijar ta 4 ga Maris 1974 ta bi sawunta, ta jera itatuwan da aka kare, har da gawo. Niyya kyakkyawa ce; ai ana ruwaito cewa tun a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun yana hukunta mai saran gawo hukunci mai tsanani. Amma a aikace sai ya zama gawon da ya tsiro a gonar mutum ya zama dalilin tara. In ya sassabe reshe don shinge ko don akuya, ma'aikacin gandun daji yana iya tsayawa a kansa. Manomi ba wawa ba ne: ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa baƙo. Dokar kare itace ta zama dokar hana shi fitowa. Bayan farin 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, da hannun hukuma ya sassauta, kuma aikin da Tony Rinaudo ya faro a jahar Maraɗi ya nuna cewa kututturen da ake ƙonewa kowace shekara rayayye ne, sai manoma suka kama sassaben zamani, suna barin tsiro biyu ko uku suna renonsu. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka yi daga baya ya kiyasta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A Ɗan Saga, cikin Agye, kwamitin ƙauye mai maza da mata da makiyaya ya riƙa tsaron itatuwa da ƙa'idojin da mutane suka tsara da kansu. Doka ta biyo baya tana haki: ta 8 ga Yuni 2004, sannan ƙudurin 2020 da ya tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena. Babu wani furojen dashe da ya kusanci wannan adadi.

Sai dai kada a ruɗe. Gawon gona mai shekara ashirin abu ne mai daraja, amma shi da tsohon daji ba ɗaya ba ne, kamar yadda dashen ranar 3 ga Agusta, da ake yi tun 1975, ba ya maye gurbin giginyar da ta shekara sittin kafin a tsaga ta a yi azara. Abin da ya rage na tsofaffin itatuwa, a Baban Rafi kudu da Maraɗi, ko a kurmin giginya na Dallol Mawri wajen Gaya, ko goribar Gulbin Kaba, in ya tafi ya tafi, a tsawon ran duk mai karanta wannan shafi. Kasuwannin itace na karkara da aka kafa da dokar 1992 sun ba ƙauyuka ikon sayar da itacen dajinsu da riƙe wani kaso na haraji, kuma inda aka bar su ba bincike, an ga yadda adadin da aka ƙayyade yake zama magana a takarda, motocin birni suna loda abin da suka ga dama. Wannan ma darasin Dungri-Paitoli ne da wata riga: wa yake zaune a kwamitin, wa yake riƙe da littafin kuɗi, mata masu ɗebo makamashi suna ciki ko suna bakin ƙofa?

Irin waɗannan tambayoyi ne ya kamata su shiga aji da dandalin wasan kwaikwayo, amma su ne ake tsallakewa. Yaron da aka koya wa waƙar kada ka sare itace, ba a ƙara masa komai ba, abin da ya koya shi ne uwarsa mai laifi ce, daji kuma na mai kaki ne. Ƙungiyar al'adun da ta shirya wasa inda mugun shi ne tsohuwa da ɗan gatarinta, alhali mai babbar mota da takardar izini ba ya ko fitowa a fage, ta yi wa mai motar aiki kyauta. Tsohuwar ba ta da tsarki. Ita ma tana ɓarna in talauci ya matsa. Amma a auna damin da take ɗauka da lodin da yake fita ta gaban shingen hukuma, sannan a raba laifin.

Ita dai Reni ba ta gama biyan bashin nasararta ba. Dokokin da suka hana makiyayi kai tumakinsa tsauni ba su hana kamfani gina tashar lantarki a bakin Rishiganga, a ƙarƙashin ƙauyen, ba. Takardarsa ta sami duk hatiman da ake bukata. A 2019 mutanen Reni suka kai ƙara babbar kotun Uttarakhand, suna kukan fashe duwatsu da nakiya da zubar da ɓaraguzai a kogi. Ranar 7 ga Fabrairu 2021 wani ƙaton ɓangaren dutse da ƙanƙara ya ɓalle daga tsaunin Ronti, ya gangaro kwarin, ya share tashar Rishiganga, ya cika ramukan aikin madatsar Tapovan da laka. Sama da mutum 200 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu leburori. Da damina ta sauka, gangaren da ƙauyen yake kai ya fara tsagewa, masana ƙasa suka ba da shawarar a tashi mutanen. A Yunin shekarar ma'aikata suka zo suka cire mutum-mutumin Gaura Devi da aka kafa a bakin ƙauyen, suka ɗauke shi zuwa wuri mai aminci, mutanen ƙauyen kuwa suka ci gaba da kwana a gidajensu masu tsaga suna jiran a nuna musu inda za su koma.